Haraji da Ajiye Takardu: Darasi ga Direbobin Manyan Motoci

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Gomari, cikin Maiduguri, zai ga irin hidimar da manyan motoci suke yi wa ƙasar nan. Su ne suke kwasar shanu da wake da busasshen kifi daga Borno, su bi ta Damaturu da Potiskum zuwa Kano da Kudu, sa'an nan su komo da siminti da sukari da kayan masarufi. Waɗansu kuma su nufi gabas ta Mafa da Dikwa har Gamboru Ngala, a kan iyakarmu da Kamaru. Kuɗi masu yawa suna ratsa hannun direba a kowace tafiya, amma kaɗan ne daga cikinsu suke zama nasa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa direbobi da masu motoci cewa ribarsu kawai doka take yanka wa haraji, kuma ba mai iya nuna iyakar ribarsa sai wanda ya ajiye takarda.

Sabuwar doka

Ran 26 ga Yuni, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda 4, kuma Dokar Haraji ta Nijeriya ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026. Bisa ga wannan doka, Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, Naira 9,000,000 na gaba kashi 18, Naira 13,000,000 na gabansu kashi 21, haka abin yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura Naira 50,000,000.

Mutumin da yake sana'a da sunansa yana biya ne ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune. Saboda haka mazaunin Gomari a Jihar Borno zai biya, ko da rabin shekara yana kan hanyar Legas. Kamfanin sufuri mai rajista kuwa yana hulɗa da Hukumar Haraji ta Nijeriya, watau NRS, wadda ta gaji FIRS.

Direba iri biyu ne

Akwai direban da yake tuƙa motar wani a kan albashi. Shi wannan, maigidansa ne doka ta ɗora wa nauyin cire haraji daga albashinsa kowane wata ya kai wa hukuma, kuma haƙƙinsa ne ya nemi shaidar cewa an kai. Wanda albashinsa bai wuce mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa ba, wanda aka tsayar a kan Naira 70,000 a wata cikin 2024, ba a karɓar kome daga gare shi.

Akwai kuma direba mai motar kansa, ko wanda ya karɓi mota yana biya sannu a hankali. Wannan ɗan kasuwa ne a idon doka. Shi zai yi lissafin abin da ya samu da abin da ya kashe, ya miƙa wa hukuma bayani kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Sauran wannan darasi ya fi shafarsa.

Abin da ake cirewa kafin a yanka haraji

Ƙa'idar guda ɗaya ce: duk kuɗin da aka kashe takanas domin neman kuɗin sana'ar ana cire shi. A cikin wannan akwai kuɗin gas da baƙin mai, tayoyi da faci, ladan bakanike da kayan gyara, albashin yaron mota, inshora, sabunta takardun mota, kuɗin tasha da na ƙungiya, da kamashon wanda ya samo lodi. Kuɗin sayen motar kanta ba a cire shi gaba ɗaya a shekara guda. Rarraba shi ake yi, a riƙa cire wani kaso kowace shekara saboda tsufan da mota take yi.

Bayan wannan, doka ta yi wa mai zaman haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gidansa na shekara, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. Har wa yau ana cire abin da mutum ya zuba a asusun fansho da na inshorar lafiya.

Cefanen gida, da ɗinkin Salla, da hidimar biki ko suna, ba sa cikin lissafi. Haka nan tarar da aka ci direba saboda karya dokar hanya ko ɗora kaya fiye da ƙima. Abin da aka miƙa a bakin hanya ba tare da rasit ba kuwa, ya tafi ke nan, ba jami'in da zai karɓe shi a matsayin kuɗin sana'a.

Misali

A ɗauka akwai wani mai tirela a Gomari wanda ya samu Naira 24,000,000 na dako a shekara. Ya sha gas na Naira 11,000,000, tayoyi da gyara sun ci Naira 3,500,000, yaron mota Naira 1,200,000, inshora da takardu da kuɗin tasha Naira 800,000, an kuma cire masa Naira 2,500,000 na tsufan mota. Jimla Naira 19,000,000 ke nan, ribarsa ta tsaya a Naira 5,000,000. Harajinsa zai zama Naira 330,000 a matakin kashi 15, da Naira 360,000 a matakin kashi 18, watau Naira 690,000.

To, a ce wannan mutum bai ajiye rasit ba, har ya kasa tabbatar da Naira 10,000,000 daga cikin abin da ya kashe. Sai a ɗauki ribarsa a kan Naira 15,000,000, harajinsa ya tashi Naira 2,580,000. Mota ɗaya, wahala ɗaya, amma rashin takarda ya jawo masa asarar Naira 1,890,000, kuɗin da za su ishe shi sauya tayoyi da dama.

Takardun da ya wajaba a ajiye

Na farko, littafin tafiya. A sami littafi mai kauri ya zauna cikin mota. Kowace tafiya a rubuta kwanan wata, inda aka tashi da inda aka sauke, irin kayan, sunan mai kayan, kuɗin dako, da lambar da ma'aunin tafiya ya nuna.

Na biyu, rasit na gidan mai da na shagon kayan gyara. Inda bakanike ko mai faci ba shi da rasit, a rubuta aikin da kuɗinsa cikin littafi, ya sa hannu ko ya dangwala.

Na uku, takardar lodi ta kowace tafiya. Idan kamfani ya cire wani abu daga kuɗin dako da sunan haraji, lalle a karɓi shaidar cirewar, domin za a rage wannan adadi daga harajin ƙarshen shekara.

Na huɗu, asusun banki na sana'a daban da na gida, tare da lambar shaidar biyan haraji.

Na biyar, takardar cinikin mota, ko yarjejeniyar biya sannu a hankali.

Doka ta ce a riƙe waɗannan takardu har shekara 6. Wanda ya yi rubutunsa da Hausa ko Kanuri ko ajami ya kwana da shirin kawo fassararsa ta Turanci idan an nema. Mutanen Maiduguri sun san yadda takarda take salwanta, gama sun ga gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairu, 2023, sun kuma ga ambaliyar da ta biyo ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba, 2024. Don haka a ɗauki hoton kowane rasit da waya tun tawadarsa ba ta dushe ba, a sa na asalin cikin leda a ajiye wuri mai tudu. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko sakataren ƙungiyarsu ya riƙa rubuta masa duk ranar da ya sauka.

Ranar bincike

Hukuma tana da ikon duba littattafan kowane mai sana'a. Jami'i zai gwada gas ɗin da aka ce an sha da nisan tafiyar da aka rubuta, ya gwada kuɗin dako da abin da ya shiga banki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan lissafi ya dace da juna, magana ta ƙare. Idan babu takarda, doka ta ba jami'i dama ya yi ƙiyasi gwargwadon ganinsa.

Direba kuma yana da nasa haƙƙi. Ya nemi ganin katin shaidar jami'i, kada ya ba kowa kuɗi a hannu, ya biya ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tsara, ya karɓi rasit. Idan bai yarda da abin da aka yanka masa ba, yana da kwana 30 ya rubuta ƙorafi, in ba a daidaita ba ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙararrakin haraji. A can ma takardunsa ne za su tsaya masa.

Ana roƙon shugabannin ƙungiyoyin NURTW da NARTO da RTEAN su karanta wa 'yan'uwansu wannan bayani a tasha, su taimaki waɗanda ba su saba da lissafi ba. Hanyar da direba yake bi da kuɗin haraji ake gina ta, kuma Gwamnati ba ta neman kowa ya biya fiye da abin da doka ta ɗora masa. A sayi littafi yau, a fara rubutu daga lodin gobe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.