Zazzaɓin da ya taɓa hankali ba na jira ba ne

Tun da ruwan madatsar Tiga ya fara ratsa gonakin Kadawa, sauro ya daina tafiya hutun rani a Kura da Bunkure. Shi ya sa duk zazzaɓin da ya zo, maleriya muke fara zargi, kuma galibi hakan ne. Amma a aikina na likita akwai masu zazzaɓin da ba nata ba ne, su ne kuma ake kawo mana a makare.

Ga misali: magidanci ne lafiyayye, ya kwana biyu da zazzaɓi da ciwon kai. An yi masa allurai a kemis, shiru. Sai ya fara sambatu, yana kiran matarsa da sunan ƙanwarsa, yana cewa yana jin ƙauri alhali ba abin da ke kan wuta. Daga nan sai jijjiga. 'Yan uwa su ce gamo ya yi a bakin kanal.

Wannan na iya zama kumburin ƙwaƙwalwa, wanda ƙwayar bairos ta hapis ke haddasawa, wadda ke feso ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. In ba a yi magani ba, tana kashe kusan 7 cikin 10. Maganinta shi ne acyclovir, wanda ya fito daga binciken Gertrude Elion ta Amurka, mai lambar Nobel ta 1988.

Bairos ba ya hayayyafa sai da wasu sinadaran aiki da ake kira enzayim. Acyclovir ya yi kama da kayan da enzayim ɗin ke sarrafawa, sai enzayim ɗin ya haɗiye shi ya maƙale, kamar tsakuwa ta faɗa injin casar shinkafa. Hayayyafa ta tsaya ke nan, amma naman ƙwaƙwalwar da ya riga ya lalace ba ya dawowa. Don haka muke fara acyclovir da zarar mun yi zargi, ta jijiya, duk awa 8, tsawon kwana 14 zuwa 21, tare da ƙarin ruwa saboda ƙoda.

Yawancin sauran bairos da ke kumbura ƙwaƙwalwa ba su samu irinsa ba tukuna. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare yawancin magunguna. Favipiravir, da Japan ta amince da shi a 2014 don mura, an gwada shi a kan ɓeraye masu cutar haukan kare, wadda ita ma ke kumbura ƙwaƙwalwa, amma bai zama maganinta a mutane ba. Saboda haka in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi allurar rigakafi ranar.

Jama'a, zazzaɓi da rikicewar hankali, ko jijjiga, ko sanƙarewar wuya, a wuce babban asibitin Kura. In aka tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kada ku koma gida shawara. In likita ya nemi ɗibar ruwan ƙashin baya, ku amince, da shi ake bambance sanƙarau da bairos. Addu'a a yi ta a mota, ana tafiya.