DARASIN WANNAN WATA: MAHARBI, BAREWA DA GANDUN DAJI

Kaka ta wuce. An kai gero da dawa rumbu, an gama sussukar shinkafar fadama. A ƙasar Bagudo, wannan ne lokacin da maharbi yake sauko da kwari da baka daga inda ya rataye su. Yakan duba tsirkiya, ya wasa kibiya, ya nufi dawa tun da asuba. Haka ake yi tun kaka da kakanni a Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya da Zagga.

Amma tsofaffin maharba suna yawan faɗin magana ɗaya. A da, mutum ba ya nisa da gari sai ya ga sawun gada. Yanzu yakan wuni yana yawo, ya dawo hannu rabbana. Darasin wannan wata zai duba dalilin haka. Zai kuma nuna abin da maharbi zai yi don 'ya'yansa su tarar da nama a dawa.

ƘASAR DA AKE MAGANA A KANTA

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, cikin Masarautar Gwandu. An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a shekarar 1991. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar Bagudo. Daga yamma kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Binin.

Turawan Ingila da na Faransa ne suka raba wannan yanki a yarjejeniyar 1898. Suka tsaga tsohuwar ƙasar Bargu gida biyu. Shi ya sa mutumin Illo yake da dangi a Segbana, tsallaken iyaka. Namun daji kuwa ba su san iyaka ba. Inda ruwa da ciyawa suke, nan suke zuwa.

NAMUN DA AKE HARBI

Maharbin wannan yanki ya san dangin barewa da sunayensu. Akwai barewa mai jan goshi, mai son fili. Akwai gada, ƙarama mai ɓuya cikin sarƙaƙiya. Akwai mazo mai zane a jiki, wanda ba ya nisa da kurmin bakin rafi. Akwai batsiya da kwanta-rafi da mariya. Manyansu su ne kanki da gwanki.

Manyan sun yi wuyar gani a kusa da garuruwa. Ita kanta barewa mai jan goshi, masana namun daji na duniya sun sa ta cikin jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Gada da mazo ne suka fi jurewa, domin sun iya ɓuya.

AIKIN MAHARBI

Harbi da baka sana'a ce ta haƙuri. Kibiya ba ta zuwa nesa kamar harsashi. Dole maharbi ya matso kusa, kamar taki 20 ko 30. Don haka yakan karanta sawu da kashi, ya gane ko dabba ta daɗe da wucewa. Yakan saki ƙura ko toka daga hannu, ya ga inda iska take kaɗawa. Idan iska ta kai wa barewa warin mutum, to, ta tafi ke nan. Wani yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya yi rarrafe kamar tsuntsun yana kiwo. Wani kuma yakan yi kwanto a mashaya.

Gwanin maharbi yana auna bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke. Ba ya harbi daga nesa don gwada sa'a. Kibiyar da ta sami ciki ko cinya ba ta kayar da dabba nan take. Sai ta gudu ta mutu a ɓoye, kura ta ci. Maharbi bai samu ba, dawa kuma ta yi asara.

Saboda wahalar wannan sana'a, baka ba ta ƙarar da nama da sauri. Abubuwan da suka fi yin ɓarna su ne ƙunar daji, da farautar dare da fitila, da tarkon waya, da farautar gayya wadda ba ta barin babba ko ƙarami. Ga kuma saran itace da faɗaɗa gonaki, waɗanda suke cinye maɓoyar dabbobi. Duk da haka, mai baka ma yana da nasa alhakin. Shi ne yake ganin dabba ido da ido kafin ya saki kibiya. Yana da lokacin da zai gane mace ce ko namiji.

LISSAFIN HAIHUWA

Akuya tana ɗaukar ciki wata 5, kuma sau da yawa takan haifi biyu. Barewa tana ɗaukar ciki kamar wata 6, ta haifi ɗaya. Mariya takan yi kamar wata 8. Gwanki yakan kai wata 9, shi ma ɗa ɗaya ne. Ashe namun dawa ba sa yaɗuwa da sauri kamar dabbobin gida.

Ga misali don lissafi. A ɗauka akwai barewa mata 10 a wani daji. Kowace ta haifi ɗa ɗaya a shekara. An sami 'ya'ya 10 ke nan. To, a ɗauka an harbe mata 5 masu ciki. An rasa uwaye 5 da 'ya'ya 5, jimla 10. Baɗi kuma uwaye 5 kaɗai za su haihu.

Amma idan maza 5 manya aka harba, matan 10 suna nan. Namiji ɗaya yana isar mata da yawa. Haihuwa ba za ta tsaya ba. Manomi ba ya cinye iri. Makiyayi ba ya yanka saniya mai ciki. Macen barewa ita ce irin maharbi.

GANDUN DAJI NA KOWA NE

Dajin gwamnati iri-iri ne, kuma ya kamata a bambance su.

Na farko shi ne gandun daji na jiha, irin wanda yake kusa da garuruwa. An keɓe shi ne don kare itatuwa da ƙasa da ruwa. Malaman daji ne suke kula da shi. Lokacin keɓe irin wannan gandu, akan rubuta abin da aka yarda mutanen ƙauyukan kusa su ci gaba da yi a ciki. Abin da aka yarda a wani gandu ba lalle ne a yarda da shi a wani ba. Saboda haka maharbi ya fara tambaya a ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma kafin ya shiga.

Na biyu shi ne babban gandun namun daji na Gwamnatin Tarayya. Misalinsa shi ne na Tafkin Kainji, kudu da Bagudo, a jihohin Neja da Kwara. An kafa shi a 1979. A irin wannan gandu babu farauta ko kaɗan. Shiga da makami ma laifi ne, ko da mutum bai harbi komai ba.

Akwai Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963. Jihohin Arewa sun gaje ta, wasu sun yi mata gyara. Dokar ta kasa dabbobi kashi-kashi. Wasu ba a taɓa su sam. Wasu sai da lasisi. Ta kuma ba da kariya ga ƙananan dabbobi da uwa mai tafe da ɗanta. Gwamnatin Tarayya ta yi wata doka a 1985 don kare dabbobin da suke neman ƙarewa. A 2016 aka ƙara tsananta tarar da ke cikinta.

Wani zai ce dajin gwamnati ba na kowa ba ne. Wannan kuskure ne. Mata suna tsintar kaɗanya da ɗorawa a ciki. Masu magani suna samun saiwa da sassaƙe. Masu zuma suna rataye amya. Wanda ya cinna wa daji wuta don zomo ɗaya ya ƙona abincin gari guda.

HAƊARIN DAJIN KUSA DA GARI

Dajin da yake kusa da gari ba ya rabuwa da mutane. Akwai mata masu itace, da yara, da Fulani makiyaya. Akuya cikin ciyawa tana kama da gada. Yaro a durƙushe yana iya kama da dabba da magariba. Don haka ba a harbin motsi. Sai an ga dabba sarai, an kuma ga abin da yake bayanta.

Kibiya mai dafi ta fi haɗari. Dafin da maharba suka saba da shi yana tsayar da zuciya, kuma bai san mutum da dabba ba. Kada a bar kwari inda hannun yaro zai kai. Idan irin wannan kibiya ta yanki mutum, a garzaya da shi asibiti nan take.

Haka kuma, dabbar da aka tsinta matacciya a dawa ba a cinta, ba a feɗe ta. Mushe ce, kuma tana iya ɗauke da cuta mai kama mutum.

TSALLAKEN IYAKA

A arewacin Binin akwai babban gandu mai suna W. An ba shi wannan suna ne domin Kogin Kwara ya yi lanƙwasa a wurin kamar harafin W. An kafa shi a 1954. Ya shafi ƙasashe uku: Binin da Nijar da Burkina Faso.

Binin tana da nata dokokin farauta da nata masu gadin daji. Lasisin Nijeriya ba ya aiki a can. Maharbin da ya bi sawu ya tsallaka iyaka da makami yana iya kwana a kurkuku, nesa da iyalinsa. Ban da haka, 'yan bindiga sun shiga dazuzzukan yankin. A watan Fabrairu na 2022 an kai hari a gandun W na ɓangaren Binin, aka kashe masu gadin daji. Mutumin da aka gani da makami a irin wannan daji yana cikin haɗari ta kowane gefe. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

NAMA YANA DAWOWA IDAN AN BAR SHI

A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har saura 49 a shekarar 1996. Aka hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka ba da haɗin kai. Zuwa 2018 sun haura 600.

Mariri kuwa an makara. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a dawa. Sai da aka kwaso waɗanda ake kiwo a wasu ƙasashe, aka sake su a Cadi daga 2016, da kashe kuɗi mai yawa.

A Amurka akwai wata irin barewa mai ƙaho da rassa. Wajen shekarar 1900 farauta ta rage ta zuwa rabin miliyan ko ƙasa da haka. Sai aka tsayar da lokacin farauta da lokacin hutu. Aka ƙayyade yawan da mutum zai harba. A 1937 aka sa harajin bindiga da harsashi ya koma ga kula da namun daji. A 1972 aka haɗa da kayan harbi da baka. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai kamar miliyan 30. Masu baka suna sayen lasisi, su yi farauta a dajin gwamnati a lokacin da aka ware musu. Farauta ba ta mutu ba. Ƙa'ida ce ta raya ta.

ABIN DA MALAMAI SUKA KARANTAR

Musulunci ya halatta farauta don abinci. Littafin Risala ya nuna cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce. Ana ambaton sunan Allah lokacin sakin kibiya. Idan an tarar da dabba da sauran rai, sai a yanka ta. Malaman Malikiyya sun kuma yi magana a kan kibiya mai dafi. Idan dabba ta mutu kafin a yanka ta, ba a ci, domin ba a san ko kibiya ce ta kashe ta ko dafi ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin garinsu.

ƘA'IDOJI BAKWAI NA MAHARBI

1. Ya tambayi malamin daji da Sarkin Baka kafin ya shiga gandu.
2. Ya nemi lasisi, ya riƙe takardarsa.
3. Kada ya harbi mace mai ciki, ko mai tafe da ɗa, ko ƙaramar dabba.
4. Ya ajiye baka da damina, lokacin da dabbobi da yawa suke renon 'ya'ya.
5. Kada ya cinna wa daji wuta.
6. Kada ya harbi abin da bai gani sarai ba.
7. Kada ya tsallaka iyaka da makami.

Sarkin Baka da maigari suna iya tara maharba su yi yarjejeniya. Su ware wani ɓangaren daji ya huta shekara biyu ko uku. Wanda ya iya rubutu a cikinsu ya buɗe littafi. Ya rubuta rana, da irin dabbar da aka harba, da ko mace ce ko namiji. Bayan shekara, littafin zai nuna ko nama yana ƙaruwa ko yana raguwa. Ga amfanin yaƙi da jahilci har a cikin dawa.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan maharbi ma yana so ya gaji ubansa. Amma ba zai gaji baka ba sai in an bar masa barewa.

TAMBAYOYI DON AJI

1. A wace shekara aka ƙirƙiro Jihar Kebbi?
2. Wata nawa barewa take ɗaukar ciki? Akuya fa?
3. Idan akwai gada mata 12, aka harbe 4, nawa za su haihu baɗi?
4. Me ya sa ba a harbin motsi a dajin kusa da gari?
5. A rubuta sunayen namun daji 5 da ake gani a da a kusa da gari. A ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba a gani yanzu.