Ɗalibi da Tukunya

A shekarar 1945 aka aika da waɗansu malamai daga Nijeriya ta Arewa zuwa Jami'ar Landan, don su ƙaro ilmin koyarwa. A cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayansu kuma ɗalibai da yawa suka bi sahu. A zamanin nan akan shiga jirgin ruwa a Ikko, a yi wajen mako biyu bisa teku kafin a sauka Ingila.

To, abin da ya fara damun baƙo a can, bayan sanyi, shi ne abinci. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, abinci kuwa ya yi ƙaranci. Kowane mutum yana da ɗan littafi, sai ya nuna shi za a sayar masa da rabonsa na nama da sukari da ƙwai. Ba a daina wannan rabo duka ba sai a shekarar 1954. Ga shi kuma abincin Turawa ba yaji. Yau dafaffen dankali da kabeji, gobe ma haka.

Ɗalibi ya tashi gida, uwa da 'yan'uwa mata ke girki, bai taɓa riƙe muciya ba. Yanzu ga yunwa, ga uwa ta yi nisa. Tilas ya sayi 'yar tukunya. Murhun ɗakinsa na gas ne, sai ya jefa kuɗi a wani ɗan akwati sa'an nan wuta ta kama. In kuɗin ya ƙare, wuta ta mutu, ko tuwo ya nuna ko bai nuna ba.

Babu dawa, babu gero, babu kuka, babu daddawa. Amma da babu gara ba daɗi. Sai ɗalibi ya tuƙa garin shinkafa, ya yi miya da alayyafo da albasa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Musulmi kuwa sukan nemi nama wurin mahautan Yahudawa, don su yanka suke yi. Tuwon farko duk gudaji, na biyu ya ƙone. Da haƙuri dai har hannu ya faɗa. Ran hutu ya kira abokan karatunsa, Turawa da mutanen Indiya, su ci suna hawaye don barkono, suna neman ƙari.

Waɗanda suka komo gida sun zo da takardun shaida, sun kuma zo da sanin wahalar da iyayensu mata ke sha a gindin murhu kullum.

Ku yara, maza da mata, girki ba abin kunya ba ne. Yau in an tashi daga makaranta, ku zauna kusa da madafi, ku ga yadda ake talge da ruɗe. Ba wanda ya san inda neman ilmi zai kai shi.

Tambayoyi
1. Don me aka yi rabon abinci a Ingila?
2. Da me ɗalibi ya yi tuwo?
3. Faɗi yadda ake miyar kuka a gidanku.