Bo 105: Helikwaftan da Aka Ƙera Ba Tare da Gaɓa a Fikafikansa Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san cewa ƙarfin da iska ke ɗaga hannun da shi yana ƙaruwa ne gwargwadon saurin motar. Wannan ƙa'ida ita ce tushen tashin jirgi mai saukar ungulu, wato helikwafta, kuma ita ce tushen babbar matsalarsa.

Yayin da jirgin ke tafiya gaba, fikafikan samansa suna juyawa. Fiffiken da ke zuwa gaba yana karo da iska mai ƙarfi, shi kuwa mai komawa baya yana samun kaɗan. Ke nan ɓangare ɗaya zai fi ɗagawa, jirgin ya nemi kifewa. Dabarar da masana suka daɗe da ita ita ce sanya gaɓa a gindin kowane fiffike, kamar kafaɗar mutum, don ya riƙa ɗagawa yana sauka. Sai dai gaɓoɓin nan suna da nauyi, suna cinyewa, suna bukatar mai da dubawa kullum.

A Jamus ta Yamma, injiniyoyin kamfanin Bölkow suka yi wata tambaya: me zai hana a bar fiffiken da kansa ya riƙa lanƙwasa? Suka ƙera fikafikai huɗu da roba mai ƙwari haɗe da zaren gilashi, suka dasa su a cibiyar ƙarfen titaniyam. Fiffiken yana tanƙwara kamar ɗanyen reshe, ya koma daidai. Abin da wannan ya haifar shi ne jirgi mai amsa umurnin matuƙi nan take, har yana iya wulƙitawa a sama, abin da mafi yawan irinsa ba sa iyawa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Samfuri na farko, wanda aka ɗora wa fikafikai masu gaɓa irin na da, ya ragargaje tun yana ƙasa sakamakon wata muguwar girgiza da ke tasowa tsakanin fikafikai da ƙafafun jirgi. Na biyu ne ya tashi ran 16 ga Fabrairu, 1967, a Ottobrunn kusa da birnin Munik.

To, tashi ba shi ne izinin ɗaukar mutane ba. Sai a watan Oktoba na 1970 hukumar sufurin sama ta Jamus ta ba shi takardar shaidar inganci, Amurka kuma ta ba da tata a 1972. Ɗalibi na iya ganin shekara uku da rabi ta yi yawa. Amma a tuna, sabon abu ne aka kawo. Dole a tabbatar cewa fiffiken da ke lanƙwasa sau ɗaruruwa a minti guda ba zai gaji ya tsage ba, a kuma nuna yadda jirgin zai yi idan ɗaya daga injunansa biyu ya mutu. A ganina wannan mataki, wanda ba a cika ambatonsa ba, ya fi ranar tashin farko muhimmanci.

Ran 1 ga Nuwamba, 1970, ƙungiyar masu motoci ta ADAC ta fara jigilar waɗanda suka yi haɗari da shi a Munik, da sunan Christoph 1. Yana ɗaukar matuƙi da mutum huɗu, ko kuma a buɗe ƙofofinsa biyu na baya a zura majiyyata a kwance. 'Yan sanda da kamfanonin haƙar mai a teku da sojoji duk sun saye shi, har da rundunar sojan saman Nijeriya. An ƙera fiye da 1,400, kafin a daina ƙera shi a Jamus a 2001. Magajinsa, EC135, ya sami tasa takardar shaida a 1996.