Amsar Tambaya: Zafin Hayaƙin Dizal Wajen Jan Kaya

Tambaya: Motata Hilux ce mai shan dizal, ina jan tirela da ita. Zafin hayaƙi nawa ne ba ya cutar da inji?

Amsa: Malam, duba inda aka dasa ma'aunin zafin hayaƙin tukuna. Idan kafin turbo yake, kada allura ta daɗe sama da digiri 650 na Salsiyas. Idan bayansa yake, karatun kan ragu da digiri 100 ko fiye, sai ka tsaya kusa da 550. Wuce haka na iya ƙona fistin. A tudu irin Hawan Kibo, sauko da giya, ka sassauta totur, musamman in ka ga baƙin hayaƙi. In ka isa, bar injin yana silo minti uku kafin ka kashe, don kada baƙin mai ya ƙone cikin turbo.