Yadda Dasashi Ke Kare Haƙorin Dashe

Haƙorin dashe 'yar ƙusa ce mai murɗi da ake ƙerawa da ƙarfen taitaniyam. Ana kafa shi a cikin ƙashin muƙamuƙi, a gurbin haƙorin da ya fita, sannan a ɗora masa kan haƙori. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya lura a 1952 cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe ƙam, a 1965 kuma ya fara dasa shi a bakin mutum.

To amma ƙashi a ɓoye yake. Abin da ya raba shi da ƙwayoyin cutar da ke cikin baki shi ne dasashi, wato naman da ya kewaye gindin haƙori.  A haƙorin halitta, zaruruwan dasashi suna kutsawa su kafe a jikin saiwa. A jikin ƙarfe kuwa ba su da wurin kamawa, kewaya shi kawai suke yi kamar wuyan riga, kuma jinin da ke isa wurin bai kai na haƙorin halitta ba. Shi ya sa wannan kariya, wadda zurfinta bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, take da rauni.

Idan dauɗa mai yauƙi ta taru a gindin dashen, dasashi yakan yi ja, ya kumbura, ya zub da jini in an goga buroshi. A wannan mataki tsabta tana mayar da shi lafiya. In an yi sakaci, kumburin sai ya gangara ya fara cin ƙashi, sau da yawa ba tare da zogi ba, kuma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi ba suna ƙara haɗarin.

Likitoci da dama sun fi son ganin tattauran dasashi mai faɗin aƙalla milimita 2 a kewayen dashe. In bai kai ba, akan yanko ɗan nama daga ganɗa a ɗinke a wurin. Sauran aikin na mai haƙorin ne: buroshi mai laushi safe da dare, da ɗan ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, da komawa asibiti a kai a kai. Duk ranar da ka ga jini a gindin dashenka, kada ka jira sai ya yi zafi, je ka ga likitan haƙori.