Yadda Fursuna Ya Zama Manomi a Ostareliya

Abin daga kotu yake farawa. A 1782 aka kama James Ruse, ɗan ƙauye daga yankin Cornwall na Ingila, da laifin fasa gida da satar agogon azurfa biyu. Hukuncinsa kisa ne, amma aka sassauta zuwa korar shekara bakwai daga ƙasa. Ya yi shekaru a tsare cikin wani tsohon jirgin ruwa da aka mayar kurkuku a Plymouth, kafin a loda shi a jirgin Charlotte, ɗaya daga cikin jirage 11 da suka tashi a watan Mayu na 1787 suka isa Ostareliya a Janairun 1788.

Can kuwa yunwa ce ta tarbe su. Ƙasar bakin tekun Sydney ba ta karɓi shuka ba, yawancin fursunonin ba su taɓa riƙe fartanya ba, kowa kuma da abincin rumbun gwamnati ya dogara, ga shi kullum rage awo ake yi. Gwamna Arthur Phillip yana son ya san abu ɗaya: wata nawa mutum zai yi a gona kafin ya iya ci da kansa? Ruse ya ce wa'adinsa ya cika, ga shi ya tashi cikin noma. A Nuwamban 1789 gwamna ya zaunar da shi a Rose Hill, inda ake kira Parramatta yanzu, aka gina masa bukka, aka ba shi iri da kayan aiki da aladu mata biyu da kaji shida.

Daga nan sai aikin hannu, wanda shi ne ya fi burge ni. Wani hafsan soja, Watkin Tench, ya ziyarci gonar ya rubuta yadda Ruse ya bayyana masa aikin. Da farko ya ƙone itatuwan da aka sare a nan inda suka faɗi, ya cuɗa tokar da ƙasa. Ba sa, ba garma, fartanya ce kaɗai. Saboda haka bai yi gaggawa ba: abin da yake kaftawa a yini bai fi murabba'in mita ɗari biyu da ɗoriya ba, wato eka guda sai ta ci masa kusan kwana ashirin. A gonar gwamnati, inda ake aiki bisa tilas, karce saman ƙasa kawai ake yi; shi kuwa yana nutsa fartanya sosai. Sai ya farfasa hoge, ya binne ciyawa ta ruɓe a ciki, ya bar ƙasar ta sha iska da rana. Dab da shuka ya sake juya ta. Alkama ya yafa a Mayu da Yuni, farkon sanyin can ke nan, masara kuma daga baya. Da yake ba shi da shanun da za su ba shi taki, dabarar da ya yi niyya ita ce ya binne karan alkama a ramuka har ya ruɓe.

A Satumban 1790 ya auri Elizabeth Perry, ita ma fursuna. A Fabrairun 1791, wata goma sha biyar da fara aiki, ya daina karɓar abincin gwamnati. Ladansa eka 30, gonar da aka sa wa suna Experiment Farm.

Sai dai ƙasar nan da gwamna ya yi kyauta da ita tana da masu ita. Mutanen Burramattagal ne, reshen ƙabilar Darug, waɗanda cutar agana ta 1789 ta yi wa yankinsu ɓarna, kuma ba wanda ya tambaye su. Duk gonar da ta ci da tsohon fursuna, abincin wasu ta tare.

Gonar ba ta daɗe a hannun Ruse ba. A 1793, bayan amfani ya yi ƙasa, ya sayar da ita wa likita John Harris a kan fam 40, ya koma bakin kogin Hawkesbury a 1794, inda ƙasa ke da albarka amma ambaliya da bashi suka sha durƙusar da manoma. Ya ƙare yana kula da gonar wani, ya rasu a 1837, aka binne shi a Campbelltown.